Kalmomi Goma Sha Biyu da Na Raina

A shekarar 2024, lokacin da matasanmu suka duƙufa wajen latsa waya suna tara maki a Notcoin da Hamster Kombat, ƙanena ya buɗe mini walet ɗin kirifto. Ni ban shiga wasan ba, so nake in riƙa ajiye ɗan abin da na samu a kuɗin kirifto na USDT, ganin yadda naira ke zubewa. Muna cikin buɗewa sai manhajar ta fito da kalmomin Turanci guda 12, ta ce a rubuta su a takarda. Ya ce, "Yaya, ɗauko biro." Na ce masa ina sauri, na ɗauki hotonsu a wayar, na wuce harkokina.

Laifin nawa ne. An gaya mini, ban ji ba. A tunanina walet kamar asusun banki yake: in an samu matsala, ka je reshe da katin shaida da BVN a gyara maka.

Da aka zare mini wayar a cikin adaidaita, hankalina bai tashi sosai ba. Na dawo da layina, WhatsApp ya dawo, manhajar banki ma ta dawo. Walet kuwa da na sauke shi sabo, bai tambaye ni suna ko lambar waya ba. Gurabe 12 kawai ya nuna mini, ya ce in cike. Hoton kuma ya tafi da wayar.

A nan ne ƙanena ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na ƙi saurara tun farko. Kuɗin ba a cikin waya suke ba, suna rubuce ne a wani kundi na bai-ɗaya a intanet. Kalmomin nan, waɗanda ake zaɓowa daga jerin kalmomi 2,048, daga cikinsu ake samar da mabuɗin kuɗin, kuma dole su zo a jere yadda aka ba ka. Kamfanin da ya yi manhajar ba ya ajiye kwafinsu, don haka babu ofishin da za ka kai kuka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na samo adireshin walet ɗin a wani tsohon saƙo, muka duba, ga kuɗina nan a rubuce ba wanda ya taɓa, ina gani ba ni da ikon motsa ko sisi. Kuma duk ranar da ɓarawon ya buɗe hotunana ya gane abin da ya gani, nasa ne.

Ba ni kaɗai ba ne. James Howells na garin Newport a Wales, an zubar da ma'adanar kwamfutarsa a bola a 2013 da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a ciki, kuma a Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar ta neman tono ta.

Masu cewa za su dawo maka da walet in ka biya su, macuta ne. Haka ma duk wanda ya nemi ka turo masa kalmominka.

Da na sake buɗe wani walet, na rubuta kalmomin da biro, kowace da lambarta, a takarda biyu, na sa a leda saboda damina da gara, na ajiye a wurare daban-daban. Kafin in zuba abin kirki, na sa 'yan kuɗi kaɗan, na goge manhajar, na dawo da ita da takardar, na ga ta buɗe. Na kuma sanar da maiɗakina inda ɗaya take, domin in ta Allah ta kasance, wannan dukiya haƙƙin magada ce.

Mai karatu, in kalmominka a hoto suke cikin waya, don Allah ka nemi biro da takarda yau, ka kwafe su, sannan ka goge hoton.