Duna, Karen Gidanmu

Na san wasu suna ganin kan wannan rubutu za su fara dariya, musamman 'yan ajinmu da suka laƙaba mini suna "Mai Kare" tun zangon da ya wuce. Ba komai, ku yi dariyarku, amma ku daure ku karanta.

Ina aji huɗu na firamare Kawu ya zo daga ƙauye da ɗan kwikwiyo a cikin kwalin Indomie. Baƙi ne wuluk, sai ɗan fari a ƙirji kamar an ɗiga masa nono, shi ya sa muka sa masa suna Duna. Dalilin kawo shi kuwa, a shekarar sau biyu ɓarayi suna shiga garkenmu da dare suna kwance awaki. Ranar da ya iso Mama ta kafa doka: ba zai shiga tsakar gida ba, ba zai kusanci randa ba, kuma duk kwanon da ya lasa sai an wanke shi sau bakwai. Aka ba shi wani tsohon kwanon silba da ya lotse, aka shimfiɗa masa buhu biyu a bayan garke.

Ni aka ɗora wa aikin ba shi abinci. Da farko haushi nake ji, don sai na jiƙa ƙanzo da ragowar tuwo na kai masa kafin na tafi ƙwallo. Daga baya ko ba a tuna mini ba ina yi. Babbar Sallah kuwa tasa ce, ƙasusuwa har sai ya binne wasu a gindin darbejiya.

Kullum da safe yana raka ni makaranta har kwalbatin bakin titi, ya tsaya a nan. Bai taɓa tsallaka titin ba, kuma babu wanda ya koya masa haka. In na taso, tun daga nesa zan hango shi a wurin yana kaɗa wutsiya. Akwai ranar da na faɗi gwajin lissafi, Baba ya yi mini faɗa sosai, na tafi bayan garke na zauna. Duna ya zo ya kwanta dab da ƙafata, bai tashi ba har aka kira magariba. Tun da ya girma kuma ba a sake sace mana ko akuya ɗaya ba. Wani dare da damina ya yi ta haushi har Baba ya fita da tocila, ya tarar da igiya a yanke da silifas wari ɗaya a cikin taɓo.

Da hunturun bara wani baƙon kare ya shigo unguwarmu, yana tafe yana dalalar da yawu. Duna ya tare shi a bakin garke suka kama faɗa, kafin samari su kore shi da duwatsu. Ya ciji Duna a kunne da ƙafar gaba. Ni na wanke masa ciwon da ruwan gishiri, da hannuna. Ciwon ya warke, kowa ya manta.

Bayan kamar mako uku sai Duna ya canja. Ya daina cin abinci, muryarsa ta dushe, yawu na ta zuba, yana ta cizon sarƙarsa. Allah ya taimaka a ɗaure yake. Na kira sunansa, ya ɗago ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, ya yi mini gurnani. Wannan kallon har yau yana dawo mini.

Baba ya ɗauko likitan dabbobi a kan babur. Ya tsaya daga nesa ya duba, sannan ya ce, "Malam, an taɓa yi masa allurar rigakafi?" Baba ya yi shiru. Likitan ya ce ciwon haukan kare ne, kuma idan alamunsa suka bayyana babu magani, ko a dabba ko a mutum. Sai ya juyo wurina ya ce, "Yaro, ya cije ka? Ya lashe ka a inda kake da rauni?" Da ya ga yankan reza a yatsana ya ce a kai ni asibiti a ranar. Sau huɗu ina komawa ana yi mini allura a dantse.

Da yamma aka aike ni gidan Goggo, wai na karɓo saƙo. Na san babu wani saƙo. Da na dawo, sarƙa kawai na gani a rataye.

Abin da ya fi ba ni mamaki Mama ce, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa shafa Duna ba. Kwana uku bayan haka tana kankare tukunya ta ƙwala mini kira, "Kai, zo ka kai wa..." sai ta yi shiru, ta zuba wa kaji ƙanzon.

A aji na yi kuka, gaskiya ne, ba zan musa ba. A nan sunan "Mai Kare" ya samo asali. Na tambayi malaminmu na Islamiyya ko laifi ne mutum ya yi kewar kare. Bai yi dariya ba. Ya ba ni labarin hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda haka. Ya ce najasar yawu daban, tausayin dabba daban.

Malamarmu ta kimiyya kuma ta ce ƙwayar cutar tana bi ta jijiya ne har ta isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa Duna bai gane ni ba. Ta ce duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti, kada ya tsaya shafa baƙin mai ko toka. Ana iya yi wa kwikwiyo rigakafi tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a Vom ta Jihar Filato ma ana haɗa allurar. Har rana aka ware wa cutar a duniya, 28 ga Satumba. Ni abin da ke cin raina shi ne, asibitin dabbobin a kan hanyar kasuwa yake. Na wuce ta ƙofarsa ya fi a ƙirga, wani lokacin ma Duna na biye da ni.

Makon jiya Kawu ya aiko cewa karyarsu ta haihu, 'ya'ya biyar, ɗaya baƙi. Baba ya tambaye ni ko a kawo. Na ce sai in ya yarda za mu kai shi allura da zarar ya cika wata uku, ya ce ya yarda. Amma na ce a kawo jan, ban da baƙin.