Ganga Biyu Sun Isa Biki



Duk wanda ya taɓa fatauci tsakanin Arewa da Ibadan ya san kaya ba sa tafiya kyauta. Kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, kuɗin ajiya, duk daga cikin riba ake yankarsu. Da wannan lissafi iyayenmu masu goro da masu shanu suka rayu tun da aka kafa unguwar nan ta Sabo a 1916. Shi ya sa da aka fara kawo mana ƙorafi a kan yaranmu masu buga gangunan Turawa, waɗanda suke kira jaz, da idon ɗan kasuwa muka fara duba maganar, kafin idon liman.

Ƙorafin shi ne, wai yaran suna zuwa biki da rabin kaya amma suna neman cikakken kuɗi. Har akwai mai bikin da ya zabge wa wani yaro lada bayan an tashi, ya ce ganguna biyar ya gani a hoto, biyu aka kawo masa.

To, bari mu ƙirga kayan. Cikakken jaz ganguna biyar ne: babbar da ake bugawa da ƙafa, mai faɗin inci 22, da ƙaramar tsakiya mai wayoyi a ƙasanta, da biyu a bisa babbar, da ɗaya mai tsayuwa a gefe. Ga faya-fayan ƙarfe, kowanne da sandar da ke riƙe shi, ga kujera. Ku da kuka san tasin Micra ta garin nan, ku faɗa mana inda za a zuba wannan. Sai dai a yi shatar mota sukutum daga Mokola zuwa Challenge ko Iwo Road, a kuma sake yin wata da tsakar dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan shatar kan cinye abin da yaro zai kai gida. Wasu ma bashi suka ci suka sayi kayan.

Sai yaran suka yi dabara. Suka koma gangar ƙafa mai inci 18 ko 16, da ta tsakiya, da faya-fayan nan biyu masu kifuwa da juna da ake takawa, wani lokaci da ƙarin faifai ɗaya. Mutum ɗaya ya ɗauka, Keke ɗaya ya kai shi. Makirfo biyu sun wadatar. Sai tsohon kafet da ake shimfiɗawa don kada gangar ƙafa ta riƙa gudu gaba a kan tayil.

Kada ku ɗauka aikin ya ragu, ai ƙaruwa ya yi. Muryoyin da ganguna uku suke bayarwa, yanzu daga ganga ɗaya zai fitar da su. Ya bugi tsakiyar fata ta yi kauri, ya matsa gefe ta yi siriri, ya kwantar da sanda a bakin ƙarfe ta yi ƙwas, ya sassauta wayoyin ƙasa ta koma wata ganga daban, ya ɗora hankici ya rage mata amo. Mai raunin hannu yakan ɓuya a bayan yawan kaya. Mai ganga biyu ba shi da maɓoya, in ya kuskure kowa ya ji.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai kalangu ganga ɗaya yake ratayawa, ya matse tsarkiya a hammata ya saki, ta yi magana kamar mutum. Haka maƙwabtanmu Yarabawa suke yi da gangan. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya zagaye ƙasar nan. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak. Wa ya taɓa rage musu lada don kayansu ba su cika mota ba?

Mu da ke kusa da masallaci mun ga wani amfanin kuma. Ƙaramin kaya bai kai babba ƙara ba, tsofaffi da marasa lafiya suna samun barci, kuma ba a ɗaukar dogon lokaci wajen haɗawa da kwancewa, balle a ce shi ya hana yaro jam'in Magariba.

Game da hukuncin kiɗa, malamai sun yi saɓani. Akwai sassauci a kan bandiri ranar aure da ranar idi, akwai masu tsanantawa a kan sauran, kuma ba wannan shafi ne zai raba gardamar ba. Abin da babu saɓani a kai shi ne haƙƙin wanda aka sa aiki. Wanda yake ganin kiɗa bai halatta ba, kada ya kira makaɗi tun farko. Amma ka kira shi, ya yi gumi har dare, sannan ka tuna da ƙirgar ganguna, wannan zalunci ne.

Ku ma samari, da sauran magana a kanku. Ciniki sai da bayani. Ku faɗi abin da za ku kawo tun ranar da aka yi jinga, ku daina nuna hoton kayan da ba za ku zo da su ba, don wannan algus ne. In bikin a buɗaɗɗen fili ne mai jama'a da yawa, ku gaya wa mai shi gaskiya cewa ƙaramar ganga ba za ta kai ƙarshen rumfa ba sai da lasifika mai kyau, ko ya ƙara kuɗin shata a kawo babba. A yi maganar a gaban shaida, a ba da kafin alƙalami.

Allah ya sa wa neman kowa albarka, ya zaunar da unguwarmu lafiya. Amin.