Ranar da Amfilifar Yaya Ta Yi Shiru a Zurmi

Yayana ɗalibi ne a Foli ta nan Ƙaura Namoda, kuma yana kaɗa jitar bas a wurin biki. Tsirkiyarta huɗu ce, masu kauri, ita ce ke ba da ƙarar nan mai nauyi da mutum ke ji a ƙirjinsa. Amma idan ba a haɗa ta da amfilifa ba, ko na kusa da kai da ƙyar zai ji ta.

A hutun da ya wuce aka gayyace su wani biki a Zurmi, Yaya ya tafi da ni don in riƙa ɗaukar waya. Tun a tasha direba ya ce ana sallar La'asar zai juyo, domin kowa ya san ba a yin dare a hanyar nan yanzu. Rabin kuɗi aka ba su, sauran sai an tashi, kuma da shi Yaya zai cika kuɗin rajistarsa.

An fara lafiya, ana ta liƙi. A waƙa ta uku sai amfilifa ta yi ƙara kamar ana soya ƙosai, ta yi tsit. Mai fiyano da mawaƙi suka ci gaba, amma kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Mata suka fara zama. Wani dattijo ya ce Narambaɗa na Tubali da kotso kawai ya yi suna, bai san wata na'ura ba. Aka yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Yaya ya duba janareta, yana aiki. Ya ciro fiyus, bai ƙone ba. Mai miksa ya ce amfilifar ce ta mutu, a haƙura. Ina tsugune a baya sai na lura da abu ɗaya: duk lokacin da Yaya ya motsa, sifika na yin ƙaf-ƙaf. Na tuna darasin kimiyya, cewa wuta ba ta wucewa idan hanyarta ta yanke.

Na ce, "Yaya, ko wayar ce?"

Ya ce, "Kai, ja can, sabuwa ce."

Na dai kwance kan wayar. Ashe dalmar da ta riƙe siririyar wayar ciki ce ta saki. Ba mu zo da wata ba. Na danne wurin da yatsa, sai ga ƙara ta dawo. Haka na zauna kusa da ƙafar Yaya na riƙe, har aka samo salatif aka naɗe. Kafin nan yatsana ya sage.

An biya su cikon kuɗin, muka iso Ƙaura kafin Magariba. Yaya ya saya mini tsire, ya kuma sayi waya biyu washegari.

'Yan'uwana ɗalibai, idan lasifikar asambule ta ɗauke, kada mu yi saurin cewa ta lalace. A fara duba waya tukuna, kuma a saurari ƙaramin da ke tsugune a baya.

Daga wani ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare