Tela ya je awon lakol

A wata unguwa ta bakin garin Maraɗi akwai wani tela mai kimanin shekara 40 da haihuwa, wanda magana guda ta hana sakat tun cikin watan Mayu na 2025: ɗiyarsa ta fari tana gab da cika shekara 7, in Oktoba ta kama kuwa tilas ta shiga lakol. Daga ƙofar gidansa zuwa lakol ɗin gwamnati tafiyar minti 5 ce, har ma yana jin ƙarar tsohon ƙarfen da aka rataye jikin dogon yaro in an buga shi da safe. Da a ce kusanci kaɗai ake dubawa, da magana ta ƙare tun ba a fara ta ba.

Amma uwargidansa ta riga ta faɗi tata. Ta ce muddin tana numfashi ɗiyarta ba ta zama cikin ajin zana. Duk mutumin Maraɗi ya san inda maganar ta dosa. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a wata lakol ta garin, ta cinye azuzuwan zana 3, aƙalla yara 25 suka rasu, yara ƙanana ƴan shekara 5 zuwa 6. Watanni 7 kafin nan, cikin Afrilu, an yi irin wannan rashi a Yamai, inda wuta ta ci yara kimanin 20. Uwargidan tela tana cikin matan da suka fito da gudu a ranar, ko mayafi babu, duk da cewa tata ɗiyar tana ɗaki tana barci. Ba ta cika yin zancen ranar ba, amma ko shara aka ƙona a layi sai ta fito ta duba.

Shi maigidan wani abu dabam ne ke cin ransa. Ya shiga aji na farko a 1991, wato ya yi karatunsa cikin shekarun nan da malamai ke yin wata da watanni ba albashi, yajin aiki na bin yajin aiki. Ya kai CM2 da ƙyar, bai samu sartifika ba, aka kai shi wurin koyon ɗinki. Abin da ya tsira da shi, shi ne yana iya rubuta awon mutane cikin kaye, yana kuma iya karanta takarda in ta zo daga ofis. Yaron shagonsa kuwa, wanda ya yi shekara 6 cur a kan benci, in aka ce ya rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannu sai ya tsaya yana tauna bik. Kada mai karatu ya ɗauka yaron daƙiƙi ne, domin kuwa binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ko yaro 1 cikin 10 na masu gama firamare bai kai matsayin da ake bukata ba wajen karatu. A 2019 abin ya gyaru zuwa wajen 3 cikin 10. An ci gaba, babu musu, amma uba mai ɗiya guda ba ya kwana lafiya da irin wannan lissafi.

Saboda haka wata ranar Talata ya rufe shago da hantsi, ya nufi lakol ɗin, ba tare da ya aika an sanar da zuwansa ba. Ya iske azuzuwan siminti 4 da na zana 3, famfo guda, da makewayi wanda ƙofarsa ta ɓalle. Dirakte, dattijo ne mai furfura, ya tarbe shi ƙarƙashin inuwa, ya ce: «Malam, in korafi ka kawo, sai ka bi layi, ni ne na farko.» Da ya ji abin da ke tafe da shi sai ya gyara zama, ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye. Tun bayan gobarar, in ji shi, ƙanana ake sakawa cikin gini, manya su zauna a zana, tunda su in wani abu ya faru sun san gudu. Ajin zana kuma yana da wata illa wadda ba a cika faɗi ba: ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara da gamba, kuma ruwan farko na sauka karatu ya watse. Wato yaron zana yana rasa kan shekara da wutsiyarta, alhali jarrabawa guda za su yi da yaron gini, musamman da aka maido da CFEPD a 2024 bayan an yi shekaru da dakatar da ita.

Tela ya nemi izini ya leƙa ajin CI. Ya ƙidaya kawuna har ya wuce 80, sannan ya bari. Waɗansu na kan benci huɗu-huɗu, sauran na kan tabarma, kowa da ardwaz a cinya. Malamar ƴar kwantaragi ce, irin malaman da aka fara ɗauka tun ƙarshen shekarun 1990 har suka zamo su ne mafi yawa cikin azuzuwan ƙasar, ga ɗan abin da ake biyan su bai taka kara ya karya ba, ga shi sau da yawa yakan makara. Tana rubuta harafi a allo, ta faɗe shi da Faransanci, in ta ga idanu sun yi zuru sai ta juya Hausa, ta kawo misali da tulu ko tabarma. Wannan ya ba shi mamaki, shi da aka taɓa rataya wa ƙashi a wuya don ya yi Hausa cikin aji. Koyarwa da Hausa dai ba baƙuwa ba ce, tun 1973 aka fara gwada ta a Damagaram, kuma a 2025 hukumomi sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Sai dai tela bai yi saurin murna ba, don ya san takardar jarrabawa da Faransanci take zuwa.

Daga nan ne ya yi abin da sana'arsa ta koya masa. Mai sayen riga gabanta yake kallo, tela kuwa juya ta yake yi ya duba ɗinkin ciki. Ya roƙi a ba shi kaye na yara 5 daga ajin CP, waɗanda malamar ta riƙe bara, bai kuma yarda dirakte ya zaɓa masa ba. Shafin farko bai dame shi ba, kowane malami yana gyara aikin Nuwamba. Ya buɗe daga baya. Cikin kaye 4 ya iske jan bik har zuwa makon da ake ciki, kuskure an ja masa layi, an sake rubuta kalmar daidai a gefe. Na biyar ɗin rabinsa fari ne fat. Aka ce yarinyar talla take zuwa, sai ranar da Allah ya kawo ta. Ya kira yaro guda ya nuna masa layi, yaron ya karanta yana tuntuɓe, amma ya kai ƙarshe.

Don kada a ce bai yi adalci ba, washegari ya ziyarci wata lakol mai zaman kanta, wadda uwargida ke kwaɗayi. Yara 40 ne a aji, kowa da kayan makaranta iri ɗaya, abin sha'awa. Amma gidan haya ne aka yanka ɗakunansa, babu fili, ƙofar fita guda ce, ita ma siririya. Kuɗin shekara kuwa, da ya auna, sai ya ga zai lamushe ribar ɗinkin ƙaramar salla da babba, ga ƙanne biyu na tafe a baya. Ya tambayi shekara nawa malamar CI ta yi a wurin, aka ce bana ta zo, wadda ta gabace ta ma shekara guda ta yi. Ya nemi ganin kaye, aka ce sai mai lakol ya dawo daga tafiya.

Da dare, bayan yara sun kwanta, ya zayyana wa uwargida duk abin da ya gani, har da ɓallalliyar ƙofar makewayi. Ta saurara ba ta katse shi ba, sannan ta ce: «Malam, ka ce gini za a saka ta bana da baɗi. To, shekarar da za ta kai zana fa?» Bai da amsa, bai kuma ƙirƙiro wata ba. Ya ce abin da ke hannunsa shi ne ya shiga kwamitin uwaye da ke kula da lakol, wanda a da ko an kira taro ba ya zuwa, ya tsaya a kan a yi wa kowane ajin zana mafita biyu, a kuma kori masu suya daga jikin danga. Ta ce ta ji, amma da sharaɗi: ranar da aka ce ɗiyarta ta koma zana, magana ta dawo sabuwa, ko da kuwa za ta sayar da akuyoyinta. Ya ce ya yarda.

Da Oktoba ta zo ya ɗauki takardar haihuwar yarinyar ya je ya rubuta sunanta. Daren jajibiri ya zauna kan keke ya ɗinka mata jaka da ragowar atamfa, daidai faɗin ardwaz. Da safe uwar ce ta riƙe hannunta har ƙofar aji. Kafin ta sake ta sai da ta shiga ciki, ta dubi rufin kwano, ta taɓa bango, ta tura tagogin biyu ta ga suna buɗewa, sannan ta gaida madan ta fito. Ba ta koma gida ba sai da aka buga ƙarfen shan iska.