Daga Zangon Madina Zuwa Tudun Aburi: Ina Gidan Gizo?

 

'Yan uwa masu karatu, iyaye maza da iyaye mata, na nan Accra da na Kumasi, har da 'yan uwanmu na Lome da Kwatano da Yamai waɗanda wannan mujalla ke isa hannunsu, muna yi muku barka da Sallah. A wannan fitowa za mu ba ku labarin wata 'yar gajeriyar tafiya da muka yi, da kuma wata tambaya da wani yaro ya yi mana a hanya, wadda har yau ba ta bar zukatanmu ba.

Kashegarin Babbar Sallah, bayan an gama rabon nama, kwamitin iyaye na makarantarmu ta Islamiyya ya ɗauki hayar trotro guda biyu domin kai yara yawon Sallah zuwa lambun Aburi. Mun tsayar da cewa za mu tashi daga Zongo Junction da ƙarfe takwas na safe, amma har tara ta buga ana cigiyar yara maza huɗu. Daga bisani aka same su inda kowa ya san za a same su, wato cikin wani ɗan shagon katako a bayan kasuwa, mai benci biyu da talabijin biyu da na'urar PlayStation. Kowannensu ya zube kuɗin barka da Sallarsa domin ya buga ƙwallo a kan allo da Mohammed Kudus, ɗan Nima, wanda ya koma ƙungiyar Tottenham a 2025.

Wasu daga cikinmu sun so su yi faɗa, sai wata dattijuwa ta ce, "Ku bar su, 'ya'yana. In ba nan ba, ina za su?" Muka yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. An kafa Madina a 1959, lokacin da Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci jama'arsa suka sauka a wannan wuri yana daji, suka sa masa sunan birnin Manzon Allah (SAW). A yau gida ya haɗu da gida, shago ya haɗu da shago, kasuwa ta malalo har bakin titi. Yaron da ya fito daga ɗakin uwarsa ba ya tarar da komai sai lungu da kwata, gaba kaɗan kuma babbar hanyar da ta nufi Adenta. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Nuwamba na 2018 ba, sa'ad da mota ta kaɗe wata ɗaliba har lahira a kan wannan hanya, jama'a suka fito suka tare titi, suna neman a kammala gadojin masu tafiya a ƙasa. An kammala gadojin, alhamdu lillahi, sai dai gada hanyar tsallakawa ce kawai, yaro ba ya wasa a kanta. Filin ƙwallo kuwa, in ma an samu, samari ne ke riƙe da shi, ƙanana da 'yan mata sai kallo.

Muka kama hanya. Muka wuce Adenta da Pantang da Oyarifa, daga Ayi Mensah mota ta fara hawan tudu, iska ta canja, birnin Accra ya shimfiɗu a bayanmu kamar tabarma. Muna gab da Peduase, inda gidan hutun shugaban ƙasa yake tun zamanin Kwame Nkrumah, sai ɗaya daga cikin yaran nan huɗu ya taɓa kafaɗar malaminsu ya ce, "Malam, yaushe za a kawo garin Mario nan Madina?" Malam ya waiwaya ya ce, "Wane ne kuma Mario? Ɗan wace unguwa ne?" Mota ta kaure da dariya. Allah Ya sa akwai wani ɗanmu mai karatu a Jami'ar Legon tare da mu, shi ya warware mana zare da abawa.

Mario dai wani ɗan gajeren mutum ne mai gashin baki da jar hula, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya ƙirƙira a cikin wasan kwamfuta. Kamfanin tsoho ne, an kafa shi a birnin Kyoto a 1889 yana buga katin karta, wasansa kuma mai suna Super Mario Bros. ya fito a 1985. Shekaru talatin bayan haka, a 2015, Nintendo ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Universal na Amurka, mai manyan wuraren shaƙatawa, cewa za a fito da duniyar Mario daga cikin allo a gina ta a doron ƙasa. Ranar 18 ga Maris 2021 aka buɗe Super Nintendo World a birnin Osaka, bayan an kashe fiye da yen biliyan 60. Aka buɗe na biyu a Hollywood a 2023, na uku a Orlando a 2025. Mai ziyara yakan shiga ta cikin wani ƙaton koren bututu kamar yadda Mario ke yi, ya tarar da fadar gimbiya da gidan dodo, ya hau motar tsere sanye da wani tabarau mai nuna masa abokan hamayya a gabansa. Akwai kuma abin hannu da ake sayarwa daban, ban da kuɗin shiga. Da shi ne yaro zai naushi tubali ya tara sulallan da ake ƙirga masa a cikin waya.

A nan dabarar take, kuma ya kamata iyaye su gane ta. Yaro yakan fara sanin gwarzon a waya ko talabijin, ya shaƙu da shi shekara da shekaru, ya nemi rigarsa da jakarsa, ya kalli fim ɗinsa. Fim ɗin Mario na 2023 kaɗai ya tara sama da dala biliyan 1.3. In aka gina masa gari, ba a bukatar mai shela, domin tun yaron bai iya karatu ba aka riga aka gayyace shi, mahaifi kuwa shi ne mai biya.

Kada wani ya ce wannan al'amarin Japan da Amurka ne kawai. A watan Maris na 2024 aka sanar da cewa za a gina wurin shaƙatawa na Dragon Ball a Qiddiya, kusa da Riyad ta ƙasar Saudiyya, a fili mai faɗin fiye da murabba'in mita 500,000, da siffar wani macijin almara mai tsawon mita 70 a tsakiyarsa. Dragon Ball labarin zane ne da Akira Toriyama ya fara a 1984, ya kuwa rasu a farkon wannan wata da aka yi sanarwar. A cikin labarin, duk wanda ya tattara ƙwallaye bakwai, macijin zai bayyana ya biya masa bukata guda. Da yaran suka gaya mana haka, malam bai yi tsawa ba. Tambayarsu ya yi: "To, mu in muna da bukata, wa muke roƙo?" Suka amsa baki ɗaya, "Allah!" Muka ga cewa uban da ya san abin da ɗansa ke kallo zai iya gyara shi da kalma guda, wanda kuwa bai sani ba, sai dai ya ɗauki bulala a makare.

Muka isa Aburi hantsi ya ɗaga. An buɗe wannan lambu a 1890, zamanin mulkin Turawan Ingila. Dogayen itatuwan kwakwa irin na ado sun jeru dama da hagu tun daga ƙofa, ga sanyi, ga ciyawa shimfiɗe. Abin mamaki, babu yaron da ya nemi waya. Akwai wani tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka ajiye a cikin lambun, ya daɗe da mutuwa, tsatsa ta ci shi. Kafin mu shimfiɗa tabarmi, yara sun mamaye shi: wannan matuƙi, wannan mai karɓar kuɗin mota, wata yarinya kuma tana shelar cewa jirgin Makka zai tashi, duk alhajin da ya makara shi ya so. Sa'a biyu cur suka yi a kansa.

Bayan sallar Azahar, muka ci waakye da soyayyen naman layya a gindin wani ƙaton rimi. Sai dattijuwar nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Manya suka amsa, "Ta zo mu ji ta," yara kuwa suka yi zuru, domin mafi yawansu ba su san amsar ba. Yaran da suka san sunan kowane aboki da kowane maƙiyin Mario, ba su san Ƙoƙi matar Gizo ce ba. Laifin wa? Amma da ta shiga labarin yadda Gizo ya yi wa kura wayo, ko tari babu wanda ya yi, da ta kai ƙurunƙus kuwa suka ce sai ta ƙara.

Ƙasar nan ba ta rasa waɗanda suka yi wannan tunani kafin mu ba. Abin da Gizo yake a wurin Bahaushe, shi ne Ananse a wurin Akan. Marigayiya Efua Sutherland, wadda aka haifa a Cape Coast a 1924 ta rasu a 1996, ta ɗauko tatsuniyoyin Ananse ta mai da su wasan kwaikwayo, ta kuma yi fafutukar samar wa yara wuraren wasa da karatu. Filin yara da ke tsakiyar Accra, kusa da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, sunanta yake ɗauke da shi. Da yawa daga cikinmu sun hau lilonsa da ɗan jirgin ƙasansa suna ƙanana, ko da yake jaridu sun shafe shekaru suna kukan yadda ya lalace. A 2009 kuma Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa kamfanin da aka sani da Leti Arts, wanda ya sa Ananse cikin wasan waya da littafin zane. Ashe Ananse ya samu masu ɗauke shi zuwa allo. Gizo fa, wa zai ɗauke shi?

Ɗanmu na Legon ya ƙara mana da wani misali daga Japan ɗin dai. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe Ghibli Park a lardin Aichi, domin finafinan zane na Hayao Miyazaki da abokan aikinsa. Babu manyan injinan hajijiya a can. Gidaje ne da hanyoyi a cikin kurmi, mutum yana tafe da ƙafarsa yana cin karo da abin da ya sani a labari. Irin wannan bai fi ƙarfin jama'ar da ta iya gina masallatai da makarantu da karo-karo ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da sarakunan Zango da ƙungiyoyin mata, daga Madina zuwa Nima da Maamobi da Sabon Zango: duk inda aka samu ɗan fili, kada a yi gaggawar zuba masa shaguna. A dasa itatuwa, a kafa lilo, a nemi matasanmu masu zane da kafintoci da maƙera su gina ramin kura da gonar Gizo da ɗakin Ƙoƙi, a sa wa tsofaffi benci su riƙa ba da tatsuniya bayan La'asar, 'yan mata su samu rabonsu kamar maza. Addininmu bai hana wasa mai tsafta ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya bar Habashawa suna wasa da māsu a masallacinsa ranar Idi, Nana A'isha (RA) tana kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in kuwa ba mu tanƙwara namu ba, akwai masu biliyoyin da ke jiran su yi mana.

Da magariba muka gangaro, fitilun Accra suna ƙyalli a ƙasa. Yaron nan mai tambaya ya farka daga barci muna shiga Madina, ya ce, "Malam, to garin Gizo fa, yaushe za a kawo shi?" Malam ya ce, "Wannan ba kawo shi ake yi ba, ɗana. Mu ne za mu gina shi, in Allah Ya yarda." Kwamitinmu ya sa maganar cikin ajandar zamansa na gaba, kuma muna maraba da shawarar duk iyalin da ke da ita.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su a kan hanya da cikin gida, Ya maimaita mana Sallah cikin lafiya. Wassalamu alaikum.