Ran Da Idon Kyamara Ya Ƙi Fita

Yau labarin wata wahala da na jawo wa kaina zan ba ku, don na san a cikinku akwai masu aron kayan mutane kamar ni.

Cikin hunturun da ya wuce aka sa ranar ba da kyaututtuka a makarantar da na ke koyarwa. Na yi wa 'yan matan ajina, su 28, alkawarin hoto wanda kowacce za ta kai gida. Sai na je na aro kyamarar yayana, irin wadda a ke cire mata ido a sa wani. Da ita ya ke ci da iyalinsa wajen biki da suna. Ya ce, "Ki riƙe ta kamar jariri." Na ce, "To, Yaya."

Da safe na so in cire dogon idon in sa gajere, don yara duka su fito. Na murɗa, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ko gezau. Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan, domin albashina na wata uku ba ya sayenta. Iya mai shara ta ce, "Malama, ɗiga masa man keke mana." Allah ya kiyaye ban bi ta tata ba. Mai ƙura ya ke kamawa, ya kuma ɓata 'yan ƙarafan da ke kai saƙo tsakanin ido da kyamara.

A kwalejin horon malamai an koya mana mu binciki yaron da ya ƙi karatu kafin mu yi masa faɗa. To, haka na zauna na yi wa kyamara. Ashe ni ce mai babban laifin. Na saba da Canon, wadda in kina fuskantar idonta a kan cire shi saɓanin tafiyar hannun agogo. Ta Yaya kuwa Nikon ce, ita bin hannun agogo a ke yi. Watau tun ɗazu ƙara ɗaure shi na ke!

Sauran laifin na hazo ne. Gefen ido akwai maɓalli, in kin danna shi sai wata 'yar sakatar ƙarfe ta koma ciki. Ƙura ta cushe shi, ba ya nutsewa sosai. Na kashe kyamara, na kifa fuskarta ƙasa don kada ƙura ta faɗa ciki, na hure maɓallin da 'yar robar hura iska da ke cikin jakarta. Kada ki hura da baki, akwai yawu. Na yi ta dannawa har ya saki, sa'an nan na danne shi, na kama ido daga gindi, na murɗa a hankali. Sai ga shi a hannuna.

Amma fa ki ji, in kin yi wannan duka ya ƙi, ki bar shi ki kai wa mai gyara. Wani lokaci ɗan kusa ne ya kwance ya tokare, kuma idanu masu araha gindinsu na roba ne, karyewa ya ke.

An ɗauki hoto, yara biyu sun rufe ido. Da yamma na mayar wa Yaya kayansa, na faɗa masa duk yadda aka yi. Ya yi shiru, ya cire ido ya mayar har sau biyu, sa'an nan ya ce in gai da Iya mai shara.