Shokozoba Ba Don Jin Daɗi Kawai Ba Ne

Ɗan'uwa mai bin hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, ni dai ba na shiga dajin Falgore da motar da gabanta ke ƙara.

Sifirin ne ke shanye rami, shokozoba kuma ya hana motar ci gaba da tsalle. In ya mutu, taya ba ta zama daram a kwalta, ka taka birki motar ta ƙi tsayawa da wuri. Tayarod ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. In kansa ya cinye, sai ka murɗa a kwana ta yi jinkirin bi.

Danna gabanta ka saki. Ta yi lilo fiye da sau biyu? Garzaya wajen bakanike kafin ka loda buhunan masara.